KOYA WA 'YAN SAKANDARE TUƘIN KWALEKWALE

Wannan 'yar takarda an shirya ta ne domin Iyayen Ƙasa da Hakimai da malamansu na ƙasar Sarkin Zamfaran Anka, da ta Sarkin Mafaran Gummi, da ta Sarkin Dankon Bukkuyum. Abin da ke ciki shi ne bayanin yadda a ke fara koya wa yaran makarantar sakandare tuƙin kwalekwale a cikin ƙungiya, da abubuwan da ya wajaba Uban Ƙasa ya bincika kafin ya ba da yardarsa, in shugaban wata makaranta ya zo masa da wannan shawara. Ana roƙon malamai su karanta ta a wurin fadanci, a ranar da Sarkin Ruwa da masu fito su ke nan, don galibin maganar ta shafe su.

Dalilin wannan magana

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan Uban Ƙasa da wasan yara? To, ga dalili. Ran Asabar, 14 ga watan Satumba, 2024, da safe, wani jirgin katako ya ɗebi manoma fiye da 50 a Gummi zai ƙetare da su zuwa gonakinsu, ya kife a tsakiyar gulbi, aka fid da rai da mutum fiye da 40. Wani jami'in yankin ya faɗa wa manema labarai a lokacin cewa manoma wajen 900 ne ke ƙetarewa kullum, alhali kuwa jirage biyu ne kaɗai ke aikin. Wannan ya auku ne 'yan makwanni bayan ambaliyar da ta ci gidaje masu yawa a garin cikin watan Agusta. Ba kuwa mu kaɗai wannan masifa ta ke samu ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya cikin shekarar 2021, yara da samari kuma su ne da yawa a ciki. Saboda haka ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 25 ga Yuli na ko wace shekara don tunatar da mutane hanyoyin tsare kai daga nutsewa.

Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasashen nan ya wuce Jega kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato, da Gulbin Ka da ke kudu da shi, ba za su ƙaura ba, mutane kuma ba za su bar noma a ƙetare ba. Yaron da ke aji huɗu yau, nan da shekara goma shi ne malamin gona, ko malamin asibiti, ko Hakimi, shi ne kuma zai tsaya a bakin mashigi ran kasuwa. In ya san abin da ke kifar da jirgi, ya iya iyo, ya iya ceto, ya taɓa jin yadda jirgi ke yi in an yi masa lodi ya wuce kima, to, ba zai yi shiru ba sa'ad da a ke cusa mutum na hamsin. Tsere da cin kofi daɗin baki ne da ke jawo yara. Amfanin da hukuma ke hange ya fi wannan nisa.

Tuƙi iri biyu ne

Akwai irin namu na gado, watau mutum ya zauna ko ya durƙusa yana fuskantar inda za shi, filafili a hannunsa ba a ɗaure shi da kome ba, in kuwa ruwa ba zurfi sai ya miƙe ya tura da gwangwala. Wannan shi ne tuƙin Sarkawa da masunta da masu fito. Tsere da shi kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama cikin 1934, akwai wasannin Kabanci, inda a ke tseren kwalekwale da iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa. Cikin 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun da duniya ke tinƙaho da su. Haka kuma mutanen Yawuri suna da Rigata tasu a Kwara, Nufawan Pategi su ma suna da tasu.

Na biyu shi ne irin na Turawa. A nan matuƙi yana ba inda za shi baya ne, filafilin dogo ne ƙwarai, an saƙala shi a wani ƙarfe da ke gefen jirgi, kujerar kuma tana gudu gaba da baya a kan 'yan ƙafafu, don haka yawancin ƙarfin daga cinyoyi ya ke fitowa. Jirgin mutum takwas tsawonsa ya kai ƙafa 60, faɗinsa kuwa wajen ƙafa 2 ne kurum, da mutum na tara, ɗan ƙarami, wanda ke riƙe da linzami yana ba da umurni. Jami'o'in Oxford da Cambridge na Ingila sun fara karawa tun 1829, suna kuwa yi har yanzu a Kogin Thames, nisan mil 4 da kwata. An shigar da wasan cikin gasar Olamfik tun 1900 a Faris, yanzu kuma mita 2,000 a ke tserewa. Chierika Ukogu ce ta fara tuƙa wa Nijeriya a wannan gasa, a Rio cikin 2016, sa'an nan Esther Toko ta bi bayanta a Tokiyo cikin 2021. A lura, duka biyun mata ne.

Ba mu ba da shawarar wata makaranta ta ƙasashen nan ta sa ranta a kan jirgin Turawa ba. Yana da tsada ainun, ba ya jure yashi da kututture, yana kuma bukatar ruwa miƙaƙƙe mai zurfi shekara duka, abin da gulaben nan ba su da shi. Kwalekwalen da masassaƙanmu ke yi da madaci ko da katako ya isa a fara, kuma shi ne yaron zai riƙa shiga har tsufansa. Wanda ya nuna gwaninta daga baya, akwai ƙungiyar wasannin tuƙi ta ƙasa wadda ke kula da iri biyun duka.

Wuri da lokaci

Kowa ya san halin Gulbin Zamfara. Cikin Agusta da Satumba ya kan cika ya batse, ruwan ja wur, yana tafe da itatuwa. Da bazara kuwa sai yashi da 'yan gurabu nan da can. Ko wanne daga cikin lokatan nan biyu bai dace da mai koyo ba. Abin da ya rage shi ne bayan ɗaukewar ruwan sama, daga tsakiyar Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da gulbi ya kwanta, ya rage gudu, amma bai janye ba. Wannan ya yi daidai da zangon farko na karatu. Sarkin Ruwa shi zai faɗi ranar da za a fara ko wace shekara, ba kalandar makaranta ba, don wata shekara ruwa ya kan yi jinkirin sauka.

Wurin da za a zaɓa ya zama kusa da gari, inda a ke hangen yara daga tudu, ƙasan ruwan yashi ne mai gangara sannu a hankali, zurfin kada ya wuce ƙirjin yaro a makwannin farko. A nisanci ƙarƙashin gada, da inda itace ya faɗa cikin ruwa, da inda masu ɗibar yashi suka yi ramuka, da hanyar da jirgin fito ke bi. Game da tsaro, Iyayen Ƙasa sun fi kowa sanin halin da ƙasashensu ke ciki da 'yan bindiga. In jami'an tsaro ba su amince da wuri ba, ko ya fi ko ina kyau, a bar shi. Tara yara a bakin gulbi nesa da gari ba abin da za a yi gaggawarsa ba ne, ɗage shi zuwa baɗi kuma ba abin kunya ba ne.

Akwai abu biyu da suka shafi lafiya. Na farko tsargiya, watau fitsarin jini. Tsutsar da ke kawo ta a jikin ƙananan katantanwar ruwa ta ke girma, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga, ta fi kuwa yawa a ruwa mai kwanciya mai ciyawa, musamman da tsakar rana. Saboda haka a fi son ruwa mai ɗan motsi, a yi darasi da sassafe ko bayan la'asar, a hana yara yin bawali a ruwa, sa'an nan malamin asibiti ya auna fitsarinsu a farkon zango da ƙarshensa. Maganinta, praziquantel, sananne ne, a kan raba shi a makarantu. Na biyu ya shafi ƙasar Anka da ta Bukkuyum musamman. Ba a manta da gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta kashe yara ƙanana fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma, da Bagega wadda sai cikin 2013 aka samu aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Duk kududdufi ko tafkin da aka taɓa wanke dutsen zinariya a cikinsa, kada a kai yara ciki ko da sunan koyon iyo, kome kusancinsa da makaranta. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan kwance cikin laka.

Iyo kafin tuƙi

Ba yaron da zai taka jirgi sai ya ci jarrabawar iyo. A ƙungiyoyin tuƙi na Ingila abin da a kan nema ga sabon shiga shi ne ya yi iyon mita 50 da tufafi marasa nauyi a jikinsa, ya tsaya wuri ɗaya a ruwa mai zurfi har minti 2 kansa na sama, ya kuma yi nutso ya tafi mita 5 a ƙarƙashin ruwa. Wannan ma'auni ya dace da mu. Dalilin tufafin shi ne, jirgi ba ya jira mutum ya tuɓe kafin ya kife. Kada a karɓi faɗar baki. Yara da yawa, musamman na garuruwan bakin gulbi, za su rantse sun iya, alhali iyakar iyawarsu ita ce fantsama inda ƙafa ke taɓa ƙasa, kunyar 'yan'uwansu kuwa ba za ta bar su su faɗi gaskiya ba.

A kan ba da labarin Hamadou Djibo Issaka, mutumin Yamai ta ƙasar Nijar, wanda ya shiga gasar Olamfik ta Landan cikin 2012 bayan ya yi wata 3 kacal yana koyon tuƙin Turawa. Shi ya zo na ƙarshe, nesa da sauran, amma 'yan kallo suka tashi tsaye suna yi masa tafi har ya iso. Labari ne mai ƙarfafa zuciyar mai koyo. Sai dai masu ba da shi su kan manta da gaɓa ɗaya: kafin ya taɓa filafili, mutumin gwanin iyo ne.

Ko da yaro ya ci jarrabawa, lalle ya sa rigar ceto, watau rigar nan mai hana nutsewa, a ɗaure ta tamau yadda ba za ta zame ta kai ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lokoja, ta wajabta sa ta ga duk mai shiga jirgi, ta kuma hana tafiyar dare. Makarantar da ke da riguna goma, yara goma za ta sa a ruwa, sauran su jira a tudu.

Darussan farko

Makon farko ba a shiga ruwa. A jawo jirgi kan yashi, yara su koyi shiga da fita: mutum ɗaya ɗaya, a sunkuye, hannu biyu riƙe da bakin jirgi, ƙafa a tsakiyar ciki daidai, ba a gefe ba. Wanda ya shiga ya zauna kafin na biye ya ɗaga ƙafa. A nan ne malami zai bayyana musu asirin abin, watau muddin nauyi yana ƙasa kuma yana tsakiya, jirgi na zaune lafiya, da zarar nauyi ya hau sama ko ya koma gefe ɗaya, jirgi ya fara neman juyawa. Shi ya sa mutum uku da suka miƙe tsaye don tsoro sun fi igiyar ruwa haɗari.

Riƙon filafili kuwa, hannu ɗaya a can bisa kansa, ɗayan a ƙasa kusa da faffaɗan bakin, tsakaninsu kamar faɗin kafaɗa. Mai koyo ya kan ɗauka da damtse a ke tuƙi, sai ka ga kafin minti goma ya gaji liƙis. Gwani kuwa juya ƙugunsa da kafaɗunsa ya ke yi, ya miƙa filafili gaba, ya nutsar da bakin duka cikin ruwa ba tare da fantsama ba, sa'an nan ya ja jikinsa zuwa gare shi kamar wanda ya kafa sanda a ƙasa, ya zare shi daidai ƙugu. Abin da ya wuce ƙugu ɓarnar ƙarfi ce, ɗaga ruwa kawai a ke yi. A sa yara su yi ta wannan a zaune a bakin gaɓa, ƙafafunsu cikin ruwa, har hannu ya saba.

In an shiga ruwa, abin da zai fara ba su mamaki shi ne jirgi ya ƙi tafiya sosai. Mai tuƙi ta dama, goshin jirgi hagu ya ke nufa. Maganin wannan yana hannun na baya, wanda shi ne matuƙi na ainihi: a ƙarshen ko wane ja sai ya murɗa bakin filafili ya ɗan tura ruwa waje, goshi ya dawo kan hanya. Masu fito suna yin haka ba su ma san suna yi ba, shi ya sa in aka ce su bayyana da baki sai abin ya gagara, amma in suka riƙe hannun yaro sau biyu sau uku sai ya gane. Na gaba shi ke ba da lokaci, kowa ya dubi kafaɗarsa ya bi. Yara shida masu matsakaicin ƙarfi da filafilansu ke faɗawa ruwa lokaci ɗaya za su wuce ƙarfafa shida da kowa ke nasa. Kafin a koya musu sauri, a koya musu tsayawa da ja da baya.

Sa'an nan sai ƙetare ruwa mai gudu, wanda shi ne darasin da ya fi amfani ga mutumin ƙasashen nan. Ba a nufar gaɓar ƙetare kai tsaye, don ruwa zai bugi jirgi a haƙarƙari ya tafi da shi gangare. A kan karkata goshi ne wajen da ruwa ke fitowa, a riƙa tuƙi a hankali, ruwan da kansa ya tura jirgi gefe har ya kai. Gwargwadon ƙarfin ruwa, gwargwadon yadda za a ƙara fuskantarsa.

Akwai wani lissafi da ya kamata ko wane yaro ya yi da alli, malaman Iyayen Ƙasa ma su gwada. A ce cikin jirgi tsawonsa mita 6 ne, faɗinsa rabin mita, ruwa kuma ya taru a ciki zurfin santimita 10, watau kamar faɗin tafin hannu. Wannan ruwa lita 300 ne, jarka 15 ke nan ta mai lita 20. Tun da ya ke ko wace lita nauyinta kilo ɗaya ne, to, jirgin yana ɗauke da kilo 300, nauyin yara shida masu kilo hamsin hamsin waɗanda ba wanda ya ƙidaya su. Har wa yau wannan ruwa ba ya zama wuri ɗaya, duk gefen da jirgi ya karkata can zai kwarara ya ƙara danne shi. Don haka ƙwaryar kwarfe ruwa ba ta rabuwa da jirgi, a ɗaure ta da igiya, kuma ba a tashi sai an kwarfe sarai.

Ranar kifewa

Kafin zango ya yi nisa, a keɓe rana guda a kifar da jirgi da gangan, a ruwa iyakar ƙirji, Sarkin Ruwa da mutanensa na tsaye kewaye. Ko wane yaro sai ya ɗanɗana wannan, don wanda ya taɓa faɗawa da saninsa ba ya ruɗewa kamar wanda abin ya zo wa ba zato. Abin da za a koya a nan kaɗan ne: kowa ya kama jirgi ya riƙe, don jirgin katako ko ya cika da ruwa galibi ba ya nutsewa ƙasa, kuma ya fi kan mutum saurin ganuwa daga nesa, na baya ya kira sunan kowa a ji ya amsa, kada wanda ya saki jirgi ya nufi gaɓa sai an umurce shi.

Game da ceto, a ja kunnen yara ƙwarai. Mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda a ke zato, numfashi ya ke nema, duk abin da hannunsa ya kama kuwa sai ya danne shi ƙasa, ko da ɗan'uwansa ne. Sau da yawa gawa biyu a kan fitar a inda da ɗaya ce. A miƙa masa gwangwala, ko a jefa masa igiya da aka ɗaura wa jarka wofi mai murfi a rufe, ko a je da jirgi ya kama ta baya. Jarka mai lita 20 ta isa ta riƙe kan babban mutum a sama. Faɗawa ruwa a kamo mutum aikin Sarkawa ne da suka gada. In an fito da wanda ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen rataye shi ƙafa sama ko matsa masa ciki, a fara hura masa iska a baki da danna ƙirji nan take. Wannan sai malamin asibiti ya zo ya koyar da hannunsa. Ko mutum ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti a ranar.

In hadari ya haɗo, ko aka ji tsawa ko daga nesa, kowa ya fito. Da sanyin hunturu kuma a gajarta darasi, yara su zo da tufafin sauyawa.

Abin da a ke bukata ga Uban Ƙasa da malaminsa

Shugaban makaranta ba shi da iko a kan gulbi, Sarkin Ruwa kuma ba shi da iko a kan 'yan makaranta. Uban Ƙasa ne kaɗai zai iya zaunar da su wuri ɗaya, ya raba musu aiki: malamin makaranta ya riƙe horo da ƙidayar yara, Sarkin Ruwa ya riƙe hukuncin ruwa, in ya ce yau ba a shiga, magana ta ƙare. Ya kamata a yanka wa masu koyarwa daga cikin Sarkawa wani abin hasafi, don ranar da suka ba yara, ranar su ce suka bari. A nemi yardar uban ko wane yaro a rubuce. In makarantar 'yan mata ce ta nema, a keɓe musu wuri da rana da malamai mata, a kuma shawarci iyaye da malaman addini tun da fari. Mata ma suna shiga jirgin fito kullum, ruwa kuwa ba ya tambaya.

Ko wane jirgin ƙungiya a auna shi gaban Uban Ƙasa. A riƙa sa mutane ɗaya ɗaya a ruwa marar zurfi har ya rage taƙi guda tsakanin ruwa da bakin jirgi, a ja layi da fenti a nan, a rubuta adadin mutanen a goshi da manyan lambobi. In masu fito na garin suka ga haka suka nemi a yi wa nasu jiragen, a yi musu.

Malamin Uban Ƙasa zai buɗe littafi na musamman. A shafin farko ya rubuta sunayen jirage da masu su da adadin da aka auna wa ko wanne, da yawan rigunan ceto. Bayan wannan sai sunan ko wane yaro, da ajinsa, da sunan ubansa da unguwarsu, da ranar da ya ci jarrabawar iyo da wanda ya shaida, da ranar da aka auna fitsarinsa. Ko wace ranar darasi a rubuta yara nawa suka shiga ruwa, nawa suka fito, da ƙarfe nawa, da wanda ya ƙidaya. Duk abin da ya auku, ko da jirgi ne ya ɗebi ruwa ba wanda ya ji ciwo, a rubuta shi da dalilinsa. A ƙarshen zango Uban Ƙasa ya duba littafin ya sa hannu, a aika da kwafi ɗaya fadar Sarki, ɗaya kuma ofishin ilmi na ƙaramar hukuma.